Zauren Uwargida: Matse bidiyo don wayar hannu



Uwargida, sau nawa wayarki ta ce miki babu sauran wuri, alhali kina son adana wa'azi, karatun yara ko bidiyon bikin 'yarki? Da yawanmu sai mu aika yaro da memori wajen masu tura fina-finai. A nan matsalar take. Bidiyon biki da mata suka sake babu mayafi zai iya zama a kwamfutar wani namiji, memorin kuma ya dawo da abin da bai dace yara su gani ba. In akwai kwamfuta a gida, ke ma za ki iya wannan aikin.

Ki nemi manhajar HandBrake. Kyauta ce, kuma tun 2003 ake amfani da ita. Idan kin buɗe bidiyon a cikinta, ki kula da abubuwa huɗu.

Na farko, ki zaɓi MP4 tare da H.264, domin kusan kowace waya na karanta su. H.265 ya fi rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi kan gaza buɗe shi.

Na biyu, girman hoto. 480p ya wadatar ga wa'azi a ƙaramar waya. Idan akwai rubutu, kamar ayoyin da yaro zai bi da ido, ki ɗauki 720p don wasula su fito sarai.

Na uku, lambar inganci da ake kira RF. Ki ajiye ta tsakanin 20 da 23. Duk sanda lambar ta hau, nauyin zai ragu, hoton kuma ya dushe.

Na huɗu, sauti. Ki bar shi a AAC, 128. Kada ki yi rowa a nan, don a karatun Alƙur'ani kunne ne ke ɗaukar makhraji.

Ki fara gwadawa da ɗan gajeren bidiyo, ki kalla a wayar tukuna. Kada ki goge na asali, domin abin da aka matse ba ya komawa yadda yake. Sannan fim ɗin da wasu suka zuba dukiyarsu a kai haƙƙinsu ne, bai halatta mu riƙa raba shi ba tare da izininsu ba.

'Yar uwa, 'ya'yanmu amana ce, kuma za a tambaye mu abin da muka sa a gaban idonsu. Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.