CIWON HANJI DA HAKKIN MAI SHI A KANMU

 Akwai wani ciwo wanda mai shi ba ya iya faɗinsa cikin mutane saboda kunya, watau kumburin hanji mai daɗewa. Likitoci sun kasa shi gida biyu. Ɗaya gyambo ne da ke fitowa a babban hanji kaɗai. Ɗayan kuwa yana iya kama ko'ina, tun daga baki har dubura, ana kiransa da sunan Likita Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana shi a New York ta Amurka cikin 1932.

Alamunsa su ne zawo, sau da yawa da jini, da murɗar ciki, da rama, da kasala. Yakan lafa wata da watanni, sa'an nan ya sake tasowa. Ya yi kama da atini, amma ba shi ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen wani. Garkuwar jiki ce, wadda Allah ya yi don ta yaƙi cuta, ta ke juyowa ta far wa hanjin mai ita. Damuwa ba ita ke kawo shi ba, amma tana iya tayar da shi.

To, a nan ne maganar ta zo kanmu. Kowa ya san gidajen haya da yawa a zongo ba su da makewayi, sai na gwamnati, inda za a biya kuɗi a bi layi. Ku duba mutumin da cikinsa ke kiransa sau goma a yini, kiran da ba ya jira. Yaya zai zauna a rumfarsa? Yaya zai hau mota da goro daga Kumasi zuwa Bawku? Mai koko ta rame, sai a ce ƙanjamau ne, ko sammu, masu saye su watse. Saurayi ya daina zuwa jam'i don tsoron abin kunya a cikin sahu, mu ce ya yi sakaci da salla. Ga ciwo, ga talauci, ga bakin mutane. Ta haka baƙin ciki ke shiga, shi kuma ya ƙara hura ciwon.

Addini bai ƙuntata musu ba, don me mu za mu ƙuntata? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin sauƙin alwala ga wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma majinyaci yana da izinin ajiye azumi ya rama. Wanda ke da irin wannan lalura ya zo wurin Liman a kaɗaice ya tambaya, ba mai jin sirrinsa.

Ga abin da mu ke roƙo. Na ɗaya, masu kula da masallatai su bar makewayi a buɗe gare su dare da rana, masu tsaron na unguwa kuma su bar su su wuce layi. Na biyu, attajirai su tuna da su wajen zakka, domin maganin ba na mako ɗaya ba ne, waɗansu ma sai an yi musu aiki a hanji. Na uku, abokan kasuwa su riƙe musu rumfa da zubin adashi ranar da ciwon ya kwantar da su. Na huɗu, mu kama bakinmu, mu je gaishe su, gama zumunta a ƙafa ta ke.

Ku kuma masu ciwon, kada ku tsaya ga jiƙo da ƙwayoyin tebur, domin irin su ibuprofen suna iya tsananta shi. Wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko zawo ya ƙi tsayawa makonni, ya tafi asibiti. A manyan asibitoci kamar Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi ana duba hanji da na'ura. Har yanzu ba a sami ƙwayar da ke raba mutum da shi ɗungum ba, amma akwai masu kwantar da shi, har mutum ya koma sana'arsa, ya yi aure, ya haihu.

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma shi ba mu ikon sauke hakkinsu, amin. Haza wasalam.