Kada Mu Yar Da Tsohuwar Kwamfutar Gida

'Yan uwa ɗalibai, a gidajen da yawa daga cikinmu akwai wata kwamfuta da yaya ya gama makaranta da ita, ko baba ya sayo ta hannu tun muna firamare. Da ita muke koyon bugun rubutu, da ita muke gwajin jarrabawar JAMB, wadda yanzu sai a kwamfuta ake rubuta ta. Idan ka kunna ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta muna ganin wannan kwamfutar ba ta mutu ba, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta tsufa, kuma ya kamata a canza ta da hankali.

Me ya sa muka ɗauko zancen yanzu? Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, amma an daina aiko mata gyaran da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta ciki. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har wasu asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Yawancin kwamfutocin da ta kama ba a sabunta su ba ne. Idan abin ya samu asibiti, ina ga kwamfutar da mama ke shiga asusun banki da ita?

Sai wani ya ce, to a sa Windows 11 mana. Nan ne matsalar take. Windows 11 na buƙatar RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a jerin Intel sai ƙwaƙwalwa ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗan ba. Akwai masu gyara da za su cusa maka ita da dabara, ko su sa maka kwafin sata a kan kuɗi kaɗan. Ba mu goyon bayan haka. Araha ba ta ado: kwafin sata sau da yawa da cuta yake zuwa, wadda aka cusa kuma tana iya daina karɓar gyara kowane lokaci.

Shawararmu ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Idan kwamfutarku ta cika sharuɗɗa kuma Windows 10 ɗinta na gaskiya ne, hawa Windows 11 kyauta ne. Idan ba ta cika ba, a duba Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki da ke Finland. Nau'o'inta irin su Linux Mint da Lubuntu kyauta ne, ba su da nauyi, ana kuma sabunta su a kai a kai. Akwai LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel. Abin da ya fi burge mu shi ne ana iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, Linux na da nata cikas. Wasu manhajojin gwajin JAMB don Windows aka yi su, wata tsohuwar firinta ma tana iya yin gardama. Ɗan aji shida da jarrabawa ta ƙarato masa ya bincika wannan tukuna. Idan dole sai tsohuwar Windows, a bar ta don karatu kawai, a raba ta da intanet da harkar banki.

Kafin a taɓa komai, a kwashe hotunan biki, da takardun baba, da aikin makaranta zuwa filash ko wata ma'ajiya. Mun san gidan da hotunan shekaru suka tafi a wuni ɗaya saboda yaro ya ce ya iya. A nemi izinin mai kwamfutar. A tabbata batir ya cika ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana ta tashi. Wanda ke da hali ya canza mata tsohon faifai da SSD, zai ga saurin da bai taɓa zato ba, a kuɗin da bai kai ko kusa da na sabuwa ba.

A wannan tsadar, iyayenmu ba za su iya saya mana sabuwa duk bayan 'yan shekaru ba. Mu kai tambayoyinmu wurin malamin kwamfuta, mu koyi aikin da hannunmu, ƙannenmu su ma su samu abin yin gwaji idan lokacinsu ya zo.