Kada Sabbin Hukumomin Kudancin Kaduna Su Gaji Manhajar da Ba Ta da Mai Gyara

Kafanchan ta san ciwon dogaro da fasahar da zamani ya juya wa baya. Layin dogo ne ya raya garin tun shekarun 1920. Da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, faɗinsa ya sha bamban da na tsohon, kuma bai bi ta can ba.

Irin haka na faruwa a kwamfutocin ofisoshi, sai dai ido ba ya gani. Kamfanin Microsoft ya daina kula da kayan rubuta manhaja na Visual Basic 6 tun 2008, na Visual FoxPro kuma a 2015. Python 2 ya bi sahu a farkon 2020. Manhajar da aka rubuta da waɗannan harsuna ba ta mutuwa nan take. Za ta ci gaba da lissafa albashi da adana bayanan marasa lafiya har ranar da aka sauya kwamfuta ta ƙi tashi, ko ɓarayin intanet suka gano kafar da babu mai toshewa. A ranar ce ake tuna cewa ɗan kwangila ya tafi da asalin rubutun. Amurka ma ba ta tsira ba: a 2020 sai da gwamnan New Jersey ya yi cigiyar masana COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya gaza.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da Jami'ar Tarayya a Kachia. Abin da hukumomi irin waɗannan suka saya a shekarunsu na farko, ko suka gada daga magabatansu, da shi za su daɗe suna aiki.

Saboda haka muna kira ga hukumomin NITDA da BPP, da jami'an da ke rubuta takardun amincewa a Abuja, kada kwangilar manhaja ta wuce teburinsu sai an amsa a rubuce: da wane harshe aka gina ta, kuma zuwa wace shekara masu shi za su kula da shi? Mafi muhimmanci, a damƙa wa hukumar asalin rubutun, tare da hanyar kwashe bayananta idan ta sauya mai aiki. Kuɗin sabuntawa kuma ya shiga kasafi tun ranar saye.