Hutu A Kan Zirin Rairai Tsakanin Ruwa Biyu

Ƴan kasuwar Maraɗi sun daɗe da sanin bakin teku, amma akasarinsu ta ƙofa ɗaya suka san shi, wato tashar jiragen ruwa. Alhaji zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Kwatano ko Lome, ya share sati biyu tsakanin ofishin duwan da wurin ajiyar kaya, ya ɗora buhunansa a mota ya juyo, bai taɓa zama ya kalli ruwan da ya kawo masa dukiyar ba. Ma'aikaci kuwa, wanda doka ta ba hutun wata guda a shekara, yakan ƙarar da shi wajen gini, ko biki, ko neman abin cike giɓin albashi. Littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan Alhazan Maraɗi ya nuna yadda suka iya tara dukiya da jama'a. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi hutawa, domin jiki magayi ne, kuma hawan jini ba ya tambayar mutum yawan motocinsa.

Ga wanda ya yi niyya, akwai wuri kusa da hanyar da ya saba bi. Grand-Popo gari ne a kudu maso yammacin ƙasar Benin, a kan hanyar Kwatano zuwa Lome, kimanin kilomita 20 daga iyakar Togo. Bayan rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, kayan Nijar da yawa sun koma tashar Lome, daga can kuwa garin bai wuce tafiyar sa'o'i kaɗan ba, har da tsayawar kan iyaka.

Abin da ya bambanta wurin shi ne siffarsa. Wani ziri ne na rairai, dogo kuma siriri, teku ta kudu, kogin Mono da tafkunansa na ruwan zartsi ta arewa. A wasu wuraren mutum yana iya tsayawa ya hangi ruwan biyu gaba ɗaya. Kwakwa ta jeru a kan rairan, ƙauyukan masunta suna ƙarƙashinta, ba hayaniyar kabu-kabu, ba mai kiranka ka zo ka sa hannu a takarda. In aka shiga kwalekwale aka gangara gabas, sai a ratsa kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, har a kai inda kogin ke faɗawa teku, wurin da ake kira Bouche du Roy. Sunan asalinsa na Fotugis ne, ma'anarsa bakin kogi, Faransawa suka juya shi ya koma bakin sarki. Kunkurun teku suna fitowa da dare su binne ƙwai cikin rairan, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya kwarin Mono, ɓangaren Benin da na Togo, cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Gaba kaɗan, a ƙauyen Djègbadji kusa da Ouidah, mata ne ke tace ƙasar bakin tafki su dafa ruwan su fitar da gishiri. Wanda ya san kantun Bilma zai so ya ga wanga aiki. Mai son shiru ya kauce wa lokacin bikin Nonvitcha, wanda ƴan asalin yankin ke yi kowace shekara a idin Fentikos tun 1921, domin a ranakun nan garin cika yake yi maƙil.

To, amma tilas a faɗi gaskiya. Tekun wannan gaɓa ba abokin wasa ba ne. Igiyar ruwa tana karyewa da ƙarfi dab da tudu, sa'an nan ta koma da sauri tana janye rairan da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, kuma ta fi tsanani a watannin Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin hutun ƴan lakkwal. Wanda ya koyi iyo a tafkin Madarunfa ko a Gulbi da damina kada ya ɗauka ya iya wannan. Masunta da aka haifa a wurin su kansu sai sun ƙirga igiyoyi kafin su tura jirgi. Baƙo ko da ido makaho ne. A tambayi mutanen gari, kada a bar ruwa ya wuce gwiwa, kada a saki hannun yaro, kada a shiga kwalekwale ba tare da rigar hana nutsewa ba. Haka nan akwai kurmi da wuraren da mazauna suka keɓe bisa al'adarsu. Baƙon kirki ba ya ƙetare su, ba ya kuma ɗaukar hoton mutum sai da izini.

Bayan hutawar jiki, wurin yana da darasi. Zirin rairai ba tsayayyar ƙasa ba ce. Koguna ne ke kawo rairan daga tudu, igiyar teku ta tura shi daga yamma zuwa gabas, abin da ya tafi yau wani ya maye gurbinsa gobe. Da aka gina dam ɗin Akosombo a Gana a 1965, da tashar Lome a 1968, da dam ɗin Nangbeto a kan Mono a 1987, sai rairan ya riƙa maƙalewa a hanya, teku kuwa bai daina ɗiba ba. Tsohon garin Grand-Popo, inda kamfanonin Turawa ke sayen manja kafin tashar Kwatano ta ƙwace cinikin, ya rasa gidaje da yawa cikin ruwa. A Saint-Louis ta Senegal, hukuma ta yanka zirin Langue de Barbarie a watan Oktoba na 2003 don ta ceci birnin daga ambaliya. Faɗin mashigar mita 4 ne a ranar; cikin shekaru ta zama ta kilomitoci, mutanen ƙauyen Doun Baba Dièye suka bar gidajensu.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga Bamaraɗe ba. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi aka hau tudu, unguwanni irin su Zariya suka biyo baya. Tun da aka datse ruwan a Jibiya, manoman Jiratawa da na fadamar Tibiri sun ga yadda aikin da aka yi a sama ke sauya rayuwar na ƙasa. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar raba filaye, da attajirin da ke sayen fili a bakin kwari don ya fi araha, in suka tsaya a kan kangon Grand-Popo suka ga inda teku ya kai, za su fahimci abin da rahoto ba zai fahimtar da su ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka shawararmu ita ce, wanda Allah ya hore wa, in ya gama da duwan, ya ƙara kwana uku, ya kashe waya, in da hali ya tafi da iyali. Wanda bai da halin zuwa can, Madarunfa ba ta da nisa, kuma yini guda a bakin tafkinta ya fi wata guda na hutun da aka ƙarar a kan babur. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.