Sandararren yatsa na haihuwa gado ne, a daina kiransa kuturta



A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin gundumar Dakoro, mun tarar da wani abu da ya tsaya mana a rai. A wani ƙauye tsakanin Kornaka da Dakoro mun iske wata budurwa zaune ita kaɗai a gefen tabarma, allonta bisa cinya. Rubutunta ya fi na kowa kyau. Amma in ta riƙe alli, ƙaramin yatsanta da mabiyinsa suna nan a miƙe kamar kara. Mata ba su shan ruwa a moɗa ɗaya da ita. An taɓa kawo kuɗin aurenta, aka dawo aka karɓe. Da muka tambayi dalili, aka ce kuturta ce ke tafe.

Muka nemi ganin mahaifinta. Ya miƙo hannu mu gaisa, sai ga yatsu irin nata. Ya ce haka aka haife shi, haka uwarsa take, kuma da wannan hannu ya yi noman shekara 40.

Mene ne wannan abu?

Ku buɗe tafin hannunku ku duba. Kowane yatsa yana da ƙashi 3, in ban da babban yatsa mai ƙashi 2. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai gaɓa, kuma bisa kowace gaɓa fata tana da tsaga. Tun jariri yana ciki ake ƙera waɗannan gaɓoɓi. A wasu mutane ƙalilan gaɓar tsakiyar yatsa ba ta buɗewa, ƙasusuwan biyu su haɗe su zama guda. Yatsan yana motsi daga gindinsa da kuma kusa da farce, amma tsakiyarsa ba ta lanƙwasa, fatar wurin kuma sumul take babu tsaga. Ya fi kama ƙaramin yatsa da mabiyinsa. Babban yatsa yakan tsira. Wani lokaci ƙasusuwan wuyan hannu ko na idon sawu su ma suna haɗewa.

Likitoci suna kiransa simfalanjizim, wato haɗewar gaɓoɓin yatsu. Wani likitan Amurka, Harbi Kushin, shi ya raɗa masa wannan suna a 1916, bayan ya bi diddigin wani babban dangi da ke ɗauke da shi daga kaka zuwa jika. A 1999 masu bincike suka gano cewa canji a wata ƙwayar gado mai suna NOG yana haddasa shi. Aikin wannan ƙwaya shi ne ta hana ƙashi tsirowa a wurin da ya kamata gaɓa ta kasance.

Bambancinsa da kuturta

Kuturta ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma ba a haihuwar jariri da ita. Tana somawa da tabo mai haske a fata, wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji. Hannu ya mutu, mutum ya ƙone bai sani ba, yatsu su ƙanƙance sannu a hankali. Tana da magani kyauta, ana shan sa wata 6 ko wata 12, kuma likitar Danja da ke kudu da Maraɗi ta daɗe tana wannan aiki. Wanda ya soma shan magani ma bai kamata a guje shi ba.

Shi kuwa sandararren yatsa na haihuwa yana jin zafi da sanyi sarai. Ba ya miki, ba ya cin yatsa, ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Ba abin da uwa ta ci da ciki ba ne ya jawo shi. Ba fitar da ta yi da almuru ba ce, ba kuma bakin kishiya ba.

Yadda ake gadonsa

Manomi ya san gado tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi ya sa yake ware zangarniya mafi kyau ya ajiye iri. Makiyayi ma yana zaɓen bunsuru in yana son garkensa ya riƙe launin jar akuyar Maraɗi. Haka ɗan Adam yake karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

A wannan lalura ƙwaya ɗaya mai canji ta isa. In uwa ko uba yana da ita, kowane ciki yana tsakanin biyu daidai wa daida: ko yaro ya ɗauka, ko ya tsira. Kamar a jefa dala sama ne, ko ta faɗi ta wannan fuska ko ta waccan. Kowane ciki jifa ne sabo. Ana iya haihuwar uku a jere duk da ita, ana iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Namiji da mace duk ɗaya ne. Yaron da bai karɓi ƙwayar ba, ba zai ba ɗiyansa ita ba. Wani lokaci kuma canjin yakan soma daga yaron kansa, alhali iyayensa lafiya lau.

A lura, wannan ya sha bamban da amosanin jini, wato sikila. A sikila sai uwa da uba duka biyu suna ɗauke da ƙwayar, sannan kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin 4. Shi ya sa ake kiran masu niyyar aure su yi awon jini, musamman a auren zumunci. Amma sandararren yatsa, ko an auro bare daga Agadas, lissafin bai sake ba.

Abin da likita zai iya yi

Ganewar tana da matakai. Ma'aikacin lafiya zai duba hannu da ƙafa. Zai tambayi tarihin gida har zuwa kakanni: wa ke da shi, wa ba shi da shi. Sannan a ɗauki hoton ƙashi, wanda ake samu a babbar likitar Maraɗi. A ƙaramin yaro hoton na iya nuna kamar gaɓa tana nan, domin wurin guringuntsi ne tukuna, sai ya girma haɗewar ta fito fili. Akwai kuma awon ƙwayar gado da ake yi da jini a manyan ɗakunan bincike. Yana da tsada, kuma yawancin gidaje za su sami amsarsu da ido da hoto da tarihin dangi.

Abin da muka fi so iyaye su riƙe shi ne maganar kunne. Cikin kunne akwai ɗan ƙashi mai siffar likkafa, shi ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Sai ya motsa sauti ke shiga. A wasu masu wannan gado shi ma yana mannewa, ji ya ragu. Yaro yana aji, malami yana magana, shi bai ji ba, a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai. Duk gidan da ke da irin waɗannan yatsu, a kai yara awon ji kafin a sa su makaranta. Na'urar ƙara ji tana taimakawa, wasu kuma ana yi musu aiki.

Yatsan kansa kuwa, kada a kai shi wurin mai ɗori a ce a lanƙwasa shi da ƙarfi. Inda babu gaɓa, ƙarfi karaya kawai zai kawo. Kada a yi tsaga, kada a yi lalas. In riƙon hauya ko taɓarya yana wuya, a ƙara wa ƙota kauri da tsumma ko roba.

Maganar aure

Mun san abin da wasu dattawa za su ce: a rufa asiri har a ɗaura aure. Ba mu goyi bayan haka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an ɓoye, ranar da aka haifi jariri da miƙaƙƙen yatsa, matar za a ɗora wa laifi, wataƙila ma da saki. Wasu kuma za su ce irin waɗannan mutane su haƙura da aure, kada su yaɗa abin. Wannan ma zalunci ne. Mutumin da ke noma, yana tatsa, yana rubutu, yana ciyar da gidansa, da wace hujja za a hana shi iyali?

Hanyar da muke ganin ta dace ita ce shawara. Saurayi da budurwa da waliyyansu su zauna da ma'aikacin lafiya. Ya gaya musu gaskiya da Hausar da za su gane: ga abin da yake, ga yadda ake gadonsa, ga abin da za a lura da shi a jikin yara. Ya riƙe sirrinsu. Kada ya yanke musu hukunci, domin zaɓi nasu ne. In sun yarda da juna bisa sani, wannan aure ya fi wanda aka gina bisa ɓoyo ƙarƙo.

Wani zai ce, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kashe yara, me ya kai mu ga lalurar da ba a cika gani ba? Gaskiya ne ba ta kisa. Amma mun ga ta raba budurwa da aure, ta raba ta da moɗar ruwa, alhali bayanin da zai warware matsalar bai kai tsawon zaman shayi ba.

Kiranmu

Ungozomomi, ku riƙa duba yatsun jariri, in babu tsaga a gaɓa ku shaida wa ma'aikacin lafiya. Malaman makaranta, ku zaunar da yaron da ba ya ji sosai a gaba, ku kira iyayensa. Limamai da masu gari, ku tsawata wa masu jifan mutane da sunan cutar da ba su da ita. Malaman cibiyoyinmu, ku karanta wannan shafi da ƙarfi a aji, kowa ya buɗe hannunsa ya ƙidaya gaɓoɓinsa.

Budurwar nan tana nan tana zuwa karatu. A rangadi na gaba muna fatan mu iske ta tsakiyar tabarma.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.