Kafin Ka Sayi Na'urar Yanka Mai Karkarwa, Fara Tambayar Batirinta da Wuƙarta

A gidanmu da ke Gwaram, ni ake kira idan za a sayi wani abu ta intanet. Saboda ana ganina kullum gaban kwamfuta ina rubuta manhaja, sai aka ɗauka duk abin da ke aiki da batiri na san shi. Bara ƙanena, wanda ya yi shekara uku yana koyon kafinta, ya zo mini da wani bidiyo na TikTok. Wani mutum ne riƙe da 'yar na'ura marar igiya, ya ɗora bakinta a tsakiyar katako ta nutse ciki, ya fitar da rami mai kusurwa huɗu. Ya sauya baki ya datse ƙusa, ya sake sauyawa ya goge katakon ya yi sumul. Yaron ya ce, "Yaya, wannan nake so." Ya miƙo mini kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa.

Na shiga wani shafin ciniki na zaɓo masa wadda aka rubuta 88V a jikinta, da batiri biyu da akwati. Cikin sati biyu wuƙaƙe ukun da suka zo da ita suka dakushe. Kafin wata uku batiri ɗaya ya daina karɓar caji, ɗayan kuma sai ya yi 'yan mintoci ya mutu. Mun nemi irinsu a Birnin Kudu da Dutse ba mu samu ba. Na'urar kanta lafiyarta ƙalau, tana nan cikin akwati ba ta da amfani. Laifina ne, domin na yi sayayya yadda da yawanmu ke sayen waya: na kalli babbar lamba na biya.

Ra'ayina yanzu shi ne, wanda zai sayi wannan na'ura a yankinmu ya fara da tambayoyi biyu. Idan batirin ya mutu, ina zan samu wani? Idan wuƙar ta ƙare, wa ke sayar da wadda za ta shiga? Sai an amsa waɗannan sannan a zo maganar ƙarfi da kyan jiki.

A kasuwa ana tallata ta da sunan oscillating multi-tool, ni kuwa ina kiranta mai karkarwa saboda yadda take aiki. Wuƙarta ba ta juyawa kamar faifan injin yankan ƙarfe. Kaɗawa take yi hagu da dama, tazarar da ba ta wuce digiri 3 zuwa 4 ba, har sau 20,000 a minti ɗaya. Wanda ya taɓa raka mai karaya asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, ya ga yadda ake tsaga filasta a cire, to dabara ɗaya ce. Kamfanin Fein na ƙasar Jamus ya ƙera zarton yanke filasta mai wannan motsi a 1967, daga baya ya mai da shi kayan aikin masu gini da kafintoci da sunan MultiMaster. Bayan da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare wajen shekarar 2008, sai Bosch da Makita da DeWalt da sauransu suka shigo, bayansu kuma ɗaruruwan masana'antu marasa suna. Shi ya sa yau take ko'ina.

Amfaninta yana wurin da zarto ba zai shiga ba. Rage ƙasan firam ɗin ƙofa bayan an shimfiɗa tayil ba tare da an cire shi ba, buɗe ramin soket a bayan kabad, datse ƙusa daidai da fuskar katako, yanke faif na roba da ke manne da bango, goge lungun da hannu ba ya kaiwa. Amma ba ta tsaga falanki mai tsawo ba ce, kuma ba ta yankan katakon rufi ba ce. Wanda ya sa ta wannan aiki zai ɓata lokaci ya ƙone wuƙa. Don haka kafintan da bai mallaki injin huda da zarto mai faifai ba, ban ga dalilin da zai fara da ita ba. Ita kayan gyara da kammala aiki ce.

Yanzu maganar batiri. Da na kwance wanda ya mutu, ƙwayoyi biyar na tarar a ciki, irin masu lamba 18650 da muke gani a fawa banki da tsohon batirin laftof. Kowace ƙwayar litiyam irin wannan 3.6V ce. Biyar sau 3.6 ya ba da 18V. Idan an cika caji kowace tana haura 4V kaɗan, daga nan ne wasu kamfanoni ke rubuta 20V, wasu 21V. Wato 18V ɗin Makita da 20V ɗin DeWalt na Amurka abu ɗaya ne, bambancin a rubutu yake. Amma 48V da 88V da 128V da ake liƙawa a jikin batiri mai ƙwaya biyar, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Mun san irinta a fawa bankin da ake rubuta masa 100,000mAh alhali sau biyu yake cika waya.

Lambar da ta kamata ka duba ita ce Ah, domin ita ke nuna tsawon lokacin aiki. Ninka ta da 18 za ka samu yawan wutar da ke ciki: batiri mai 2Ah yana ɗauke da 36Wh, mai 5Ah kuwa 90Wh. Batirin waya mai 5,000mAh bai wuce kusan 19Wh ba. Wannan lissafi yana kuma taimakawa wajen gano na jabu. Batirin 18V mai 5Ah na gaske yawanci ƙwaya goma ne a jere biyu, don haka yana da kauri da nauyi. Idan ka ɗauki wanda aka rubuta wa 6Ah ka ji shi sakayau, ajiye shi.

Abu na gaba da masu waya za su fi kowa fahimta: yawanci batirin wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Kamar yadda a da cajar iPhone ba ta shiga Tecno. Ranar da ka sayi na'urar farko ka zaɓi gidan da za ka zauna, domin injin huda da zarton da za ka saya nan gaba za ka so su ci batiri ɗaya. Idan maigidanka ko abokan aikinka suna da kayan Makita, ko na Ingco ko Total da suka yawaita a kasuwannin Najeriya, bi sahunsu. Za ku riƙa aron batiri da caja, kuma za ka iya sayen jikin na'urar kaɗai ba tare da batiri ba, ka rage kuɗi.

Akwai tarko biyu da suka shafe mu musamman. Na farko kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. Wutarsu 120V ce, tamu 230V, kuma yawancin cajojin kayan aikinsu ba kamar cajar waya ba ne da ke karɓar kowace wuta. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Juya bayan cajar ka karanta kafin ka biya. Na biyu zafi. Litiyam ba ya son a yi masa caji idan zafi ya wuce ma'aunin 40, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna kaiwa nan har a inuwa. Batirin da aka bari a rana kan kwanon rufi, aka sauko da shi da zafinsa aka jona, ba zai yi tsawon rai ba, kuma idan na banza ne marar kariya yana iya kamawa da wuta a shago cike da garin katako.

Sai wuƙa, wadda ita ce ke cin kuɗi a hankali kamar data. Wurin ɗaura ta ba iri ɗaya ba ne. A 2016 Bosch da Fein suka fito da tsarin Starlock, wanda ke riƙe wuƙa da kyau kuma ake sauya ta cikin daƙiƙoƙi. Matsalar ita ce wasu na'urorin wannan tsari ba sa karɓar komai sai wuƙar Starlock, wadda ta fi tsada kuma ba a kowane shago ake samunta ba. Ga mutumin Gwaram ko Basirka da sai ya hau mota zuwa Kano kafin ya ga kaya, na fi ganin hikimar ɗaukar wadda ke karɓar wuƙaƙe na gama-gari. Ka kuma san irin ƙarfen. Mai alamar HCS ta katako zalla ce, tana haɗuwa da ƙusa haƙoranta sun tafi, abin da ya faru da na ƙanena ke nan, tunda rabin katakon da muke aiki da shi an taɓa kafa masa ƙusa a wurin dakin. Mai alamar BIM tana cin katako da ƙusa. Mai bakin kabaid ita ce ta sukurori masu tauri da simintin tsakanin tayil.

Bayan waɗannan ne za a duba sauran. A samu maɓallin rage gudu da ƙara shi, domin roba da ƙarfe ba sa son cikakken gudu. Inji marar burushin gawayi ya fi tattalin batiri kuma ba ya yawan zafi. Ka riƙe ta tana aiki ka ji yadda take girgiza hannu, domin mai araha tana sa yatsu su mutu cikin ɗan lokaci. Kuma a tanadi tabarau da takunkumi, kada a yarda da masu cewa ba ta yankan fata.

Na san abin da wasu za su ce: ta kamfani mai suna ta fi ƙarfin aljihun yaron shago. Gaskiya ne, kuma ba cewa na yi sai Bosch ba. Mai araha da batirinta da wuƙarta ke kasuwa ta fi mai tsada da babu kayanta. Wasu kuma za su ce mai igiya ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta da batirin da zai mutu. Wannan ma haka ne, kuma idan aikinka a shago ne mai sola da inbata, ita zan ce ka saya. Amma mai bin gidaje a ƙauyukan da babu wuta, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta don rage ƙasan ƙofa ɗaya ya zama asara. A nan marar igiya ke biyan kuɗinta. Dattawan kafintoci kuwa za su ce kurfi da guduma sun isa. Ban musa ba. Wanda bai iya kurfi ba, na'urar nan za ta taimaka masa ne kawai ya ɓata katako da sauri.

Bana da muka sake shiri, ban buɗe shafin ciniki ba. Mun tafi Kano, muka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ba mu tambayi na'ura ba tukuna, sai muka duba wane batiri da wace wuƙa ne ake samu a shago fiye da ɗaya. Ƙanena ya je da guntun katako mai ƙusa a ciki, ya gwada a gaban mai shago, muka ɗauki lambar wayarsa don a riƙa aiko mana wuƙa a motar haya. A jikin wadda muka saya 20V kawai aka rubuta. Tsohuwar mai 88V kuwa na ajiye ta kusa da kwamfutata, duk wanda ya zo da bidiyo ya ce in yi masa oda, ita nake fara nuna masa.