Ba a Cinikin Biri a Sama

Tela ya miƙo maka riga babu hannu ɗaya, ya karɓi kuɗinsa cif, ya ce ka riƙa sawa, bayan salla zai ƙarasa. Wa zai yarda? To, jama'a, abin da manyan kamfanonin wasannin bidiyo ke yi mana ke nan, kuma ni dai na gaji.

Ku dubi Cyberpunk 2077. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya ɗage fitowarsa har sau uku, sannan ya sake shi ran 10 ga Disamba 2020. A kan PlayStation 4 da Xbox One, kana cikin wasa sai ya daskare, ko ya mutu gaba ɗaya. Mako guda da fitowarsa Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Babban gyaran da ake yabo kuwa sai Satumbar 2023. Kafin shi, a 2014, an yi Assassin's Creed Unity, inda fuskar mutum kan ɓace, ya rage ido da haƙora, har Ubisoft ta ba da haƙuri.

Me ya ba su wannan ƙarfin hali? Mu ne. An sayi kwafi miliyan 8 na Cyberpunk tun bai fito ba, kamfanin da kansa ya ce kuɗin sun rufe abin da ya kashe. Wanda aka biya kafin aiki, me zai sa ya tsaya ya ƙarasa? A zamanin PlayStation 2, abin da aka buga a faifai shi ke nan, dole a gama kafin a kai kasuwa. Yanzu intanet ta zama mafakar aikin ganganci.

Masu kare su kan ce ai an gyara daga baya. Da datar wa? Mai ɗakin wasa a Maraɗi ko Damagaram da zai sauke gyara mai gigabait gommai, ga tsadar data ga ɗaukewar wuta, ya biya sau biyu ke nan, ya kuma zama mai gwada musu kaya kyauta.

Kada ku ƙara biyan kuɗin wasan da bai fito ba. Ku jira waɗanda suka buga su yi magana. Ranar da aljihunsu ya ji a jika, za su koyi gama aiki.